Ofishin lauyan da ya fassara mana tsarin mulkin Kamaru da Hausa a Garwa

Shekara shida ke nan ina riƙe da aikin magatakarda a kwamitin makarantar Islamiyya ta unguwarmu a Garwa, kuma ban taɓa taka ƙofar lauya ba sai a watannin baya, lokacin da matsaloli uku suka haɗe mana a lokaci guda. Ɗalibai goma sha ɗaya sun sauke Alƙur'ani, muna son yi musu walima a filin da ke bayan makaranta tare da zagayen unguwa kamar yadda aka saba. Iyayen yara sun matsa a yi wa kwamitin rajista domin a buɗe masa asusu a banki. Sannan wani saurayi ya tura saƙon murya a zauren WhatsApp na makarantar, wanda a cikinsa wani mai wa'azi da ba mu san shi ba yake aibanta wata ƙabila da sunanta. A zaman da muka yi bayan sallar Isha'i dattawa suka rabu biyu: wasu suka ce tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin addininsa da na bakinsa, don haka babu wanda za mu je wa da takarda, wasu kuma suka ce a wannan zamani ko tabarma ba a shimfiɗawa a fili sai da yardar sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da mulkin ƙaramar gunduma. Da gardamar ta ƙi ƙarewa, sai shugabanmu ya yanke cewa a je a tambayi wanda doka sana'arsa ce, kuma abin da muka tarar a can shi ne nake son bayyanawa ga duk wani kwamiti ko ƙungiya da ke cikin irin halinmu.

Ofishin ɗaki biyu ne a wani gini da ba shi da nisa da kotu. Mu uku muka je: shugaban kwamiti, wanda dattijo ne da ya haura saba'in, da malamar da ke kula da sashen mata, da ni. Magatakardiyar da ta tarbe mu tana jin Fulatanci da Hausa, ta rubuta sunayenmu, ta karɓi sefa dubu goma sha biyar kuɗin shawara, ta ba mu rasiɗi ba tare da mun nema ba. Mun yi jiran kusan awa ɗaya a ƙarƙashin fanka guda cikin zafin Garwa, domin lauyan yana kotu, amma da ya shigo sai ya fara gaida dattijonmu har da rusunawa, ya ce: "Baba Alhaji, a gafarce ni, shari'a ce ta ja." Hausarsa ta wanda ya tashi a cikin Hausawa ce, da ɗan karin harshen Fulatanci, kuma ko sau ɗaya bai sa mun ji cewa rashin Faransancin dattijon wani abin kunya ne ba.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yadda ya fara. Bai tambayi ra'ayin kowa ba, sai ya ɗauko wani ƙaramin littafi da gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗawa, ya ce wannan shi ne tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996, wanda ya gyara na 2 ga Yuni 1972, aka kuma sake taɓa shi a 2008. Ya nuna mana cewa 'yancin da dattawa ke gardama a kansa yana cikin gabatarwar kundin ne, ba cikin sassansa masu lamba ba, amma sashe na 65 ya fayyace cewa gabatarwar ɓangare ce ta tsarin mulkin, saboda haka ƙarfinta ɗaya da sauran. Ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa: ƙasa ba ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba, tana tsaye a tsakiya tsakanin dukkan addinai, kuma an lamunce wa kowa ibadarsa da yin ta a fili. Daga nan ya dora babban yatsansa a kan ƙarshen wata jimla, ya karanta farkonta, inda aka ce ba za a tsangwami kowa ba saboda asalinsa ko ra'ayinsa ko aƙidarsa ta addini ko ta siyasa. Dattijonmu ya gyaɗa kai ya ce: "To, ai abin da nake faɗa musu ke nan." Sai lauyan ya ɗage yatsan, ya karanta ragowar: muddin an kiyaye zaman lafiyar jama'a da kyawawan ɗabi'u. Ya yi haka kuma da jimlar da ta lamunce 'yancin faɗin ra'ayi, da na jarida, da na taro, da na kafa ƙungiya, wadda ita ma ta ƙare da cewa bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya. Ya ce: "Baba Alhaji, kowane ɓangare a cikinku ya riƙe rabin jimla ne. Ku kun riƙe kanta, su sun riƙe wutsiyarta." A ganina wannan darasi kaɗai ya fanshi kuɗin da muka biya, domin ya kashe gardamar da ta hana mu barci ba tare da ya kunyata kowa ba.

Game da walima, ya bayyana mana cewa sharuɗɗan suna cikin dokokin da aka sanya wa hannu ranar 19 ga Disamba 1990, waɗanda mutane ke kira dokokin 'yanci, musamman doka mai lamba 90/055 da ta shafi taruka da jerin gwano. Ya dage sosai a kan bambancin da ke tsakanin neman izini da sanarwa, kuma na fahimci dalilinsa, domin yawancinmu mun ɗauke su abu guda. Taron jama'a, in ji shi, halal ne a doka ko mene ne manufarsa, abin da ake bukata shi ne a sanar da sufurefe aƙalla kwana uku cikakku kafin ranar, a rubuta sunayen masu shiryawa da adireshinsu da manufar taron da wuri da lokaci, shi kuma ya bayar da takardar shaidar karɓa, wadda ake kira resefise, nan take. Dole ne kuma taron ya kasance da mutum uku aƙalla da za su ɗauki nauyin kiyaye tsari. Jerin gwano a kan titi kuwa kwana bakwai ake ba da sanarwarsa, kuma idan sufurefe ya ga zai iya tayar da hankalin jama'a yana da ikon canza masa hanya ko wuri, ko ya hana shi gaba ɗaya. Wanda aka hana yana iya kai kuka gaban shugaban babbar kotun yanki, wanda doka ta ba shi kwana takwas ya yanke hukunci. Ban taɓa jin wannan hanyar ɗaukaka ƙara ba sai a bakinsa, kuma na tabbata da yawa daga cikin masu shirya taruka a unguwanninmu ba su san da ita ba.

Sai ya zo kan wani sashe da ya faranta ran dattijon, wato cewa dokar ta cire fitowar da ta dace da al'adun gari ko na addini daga wajibcin sanarwa. A fahimtarsa zagayen masu saukar Alƙur'ani yana ƙarƙashin wannan rangwame, kamar yadda fita zuwa filin Idi take. Duk da haka ya ba mu shawarar mu sanar da jauron unguwa, mu kuma ambaci zagayen a cikin takardar da za mu kai saboda taron fili, domin jami'in da ya ga jama'a a kan hanya da rana tsaka ba lallai ne ya tsaya duba sassan doka ba, kuma takarda a aljihu ta fi doguwar muhawara a bakin titi. Mun bi shawarar, shi ya rubuta mana takardar, muka kai, aka ba mu resefise, aka yi walima lafiya.

Batun rajista ne ya fi tsawo, kuma a nan ne na ga amfanin zuwa wurin wanda ya san aikinsa, domin da mun bi son ranmu da mun faɗa rami. Niyyarmu ita ce mu rubuta kanmu a matsayin ƙungiyar addini, tun da hidimar addini muke yi. Lauyan ya buɗe doka mai lamba 90/053, ya nuna mana cewa hanyoyi biyu ne mabambanta. Ƙungiya ta gama-gari sanarwa take yi a ofishin furefe, wato jami'in da ke sama da sufurefe, na yankin da hedkwatarta take, ta haɗa da kwafin dokokinta da sunayen shugabanni, kuma idan wata biyu ya wuce ba a ce mata uffan ba, shirun nan amincewa ne a doka. Ƙungiyar addini kuwa, wato wadda manufarta ita ce bauta, ba ta samun halasci sai da umarnin shugaban ƙasa da kansa, bayan ministan da ke kula da mulkin yankuna ya ba da ra'ayinsa, kuma wannan minista yana da ikon dakatar da ita saboda tayar da hankalin jama'a. Ya gaya mana gaskiya cewa irin wannan umarni ba ya fitowa da sauƙi, shi ya sa masallatai da majami'u da yawa suke aiki a ƙarƙashin inuwar ƙungiyoyin da aka riga aka amince da su, kamar ACIC, wato Ƙungiyar Al'adun Musulunci ta Kamaru, a ɓangaren Musulmi, wasu kuma suna zaune a kan abin da ake kira kawaicin hukuma, wato an san da su an kau da kai. Ya tuna mana cewa kawaici ba haƙƙi ba ne, domin a 2013 hukumomi sun rufe majami'un farfaɗowa da dama a Yawunde da wasu garuruwa, galibi waɗanda ba su da takardar halasci. Na yaba da yadda ya kawo wannan misali daga ɓangaren Kirista, domin ya nuna wa dattijonmu cewa ma'aunin ɗaya ne ga kowa, kuma abin da ya taɓa maƙwabci yana iya taɓa mu. Shawararsa ita ce mu yi rajistar ƙungiyar iyayen ɗalibai, wadda manufarta tallafa wa karatu ce da kula da gini da albashin malamai, mu bar sha'anin ibada inda yake, a hannun limami da masallaci, tare da gargaɗin cewa abin da muka rubuta a dokokin ƙungiyar dole ne ya zama shi muke aikatawa.

Da muka kunna masa saƙon muryar nan, fuskarsa ta canza, ya sa aka tsayar da shi tun bai kai rabi ba. Ya ce a Disamba 2019 an ƙara wa kundin hukunta laifuka sashe na 241-1, wanda ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa 300,000 zuwa 3,000,000 ga wanda ya yi kalaman ƙiyayya ko ya tunzura jama'a a kan wasu saboda ƙabilarsu, ta kowace hanya ya yi. Ya dubi dattijon ya ƙara da cewa idan mai kalaman jagora ne a wata cibiyar addini, ko a jam'iyya, ko a kafar yaɗa labarai, hukuncin ninkawa ake yi. Ya kuma ambaci sashe na 241, da ya hana cin mutuncin wani jinsi ko addini, ya ce wannan garkuwa ce gare mu kamar yadda take takunkumi a kanmu. Sai dokar laifukan intanet ta 21 ga Disamba 2010, wadda sashenta na 78 ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu da tarar miliyan 5 zuwa miliyan 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. Malamar ta tambaye shi, tana kiransa da laƙabin da ake yi wa lauyoyi: "Metir, yaron fa ba shi ya yi maganar ba, turawa kawai ya yi." Ya amsa da cewa: "Malama, wanda ya ɗauki wuta daga wani gida ya kai wani gida ba zai ce ba shi ya hura ta ba." Ya ba mu shawarar a goge saƙon, a rubuta ƙa'idojin zauren a manna a samansa, a kuma yi wa yaron nasiha a keɓe. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙera waya, amma ban san cewa tana da farashi a rubuce har haka ba.

Akwai wani abu da na ji tsoron zai kauce masa, amma bai kauce ba. Na tambaye shi ko waɗannan iyakoki ba su cinye 'yancin gaba ɗaya ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce kalmar zaman lafiyar jama'a faɗi gare ta, kuma wanda ke riƙe da hatimi shi ke fara fassara ta kafin alƙali ya gani. Ya ambaci dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014, wadda aka yi a lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a jihar Arewa Mai Nisa, ta miƙa irin waɗannan shari'o'i ga kotunan soja, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 20 ga wanda ya yabi ta'addanci a bainar jama'a. Babu wanda ya ga hare-haren ƙunar baƙin wake da aka kai a Fotokol da Marwa a watan Yuli 2015 da zai ce ƙasa ba ta bukatar kare kanta, amma mu da muke sauraron rediyo da Hausa ba mu manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a wannan watan, kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara 10 a Afrilu 2017, aka rage hukuncin a ɗaukaka ƙara, ya fito a Disamba na shekarar bayan ya shafe fiye da shekara biyu a tsare. Lauyan ya kuma tuna da samari uku da aka yanke wa shekara 10 a 2016 saboda wani saƙon waya na barkwanci a kan Boko Haram. Bai faɗi waɗannan don ya rufe mana baki ba. Ya ce sukar hukuma a kan hanya da ta lalace ko famfo da ya ƙafe haƙƙinmu ne, mu dai faɗi abin da muka gani da idonmu, mu riƙe hujjarsa, mu bar zagin mutum. Ya kuma faɗa mana abin da bai yi mini daɗi ba amma gwamma na sani: Majalisar Tsarin Mulki, wadda aka naɗa membobinta a 2018, talaka ba ya iya kai mata ƙorafi kai tsaye a kan wata doka, sai shugaban ƙasa, ko shugabannin majalisun dokoki biyu, ko kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, ko shugabannin majalisun jihohi a kan abin da ya shafi jihohinsu. Ƙofar da ke buɗe gare mu ita ce ta kotunan yau da kullum, da kotun da ke duba matakan hukuma, da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, kuma lauya yana iya kafa hujja da yarjejeniyoyin duniya da Kamaru ta amince da su, domin sashe na 45 ya ɗora su a kan dokokin cikin gida.

Yanzu sai inda ofishin ya gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne. An yi mana alkawarin rubutacciyar shawara cikin mako guda, amma sai da muka yi mako uku, na yi zuwa biyu, na buga waya ba adadi ba a ɗauka ba. Da takardar ta fito, da Faransanci kaɗai take, shafi huɗu cike da lambobin doka, alhali dukkan amfanin zaman namu ya taru ne a kan cewa an yi shi da Hausa. Dole na zauna dare biyu ina mayar da ita daga abin da na rubuta a littafina, ina fargabar kada in karkatar da ma'anar wata kalma in jefa mutane cikin kuskure. Tsarin mulkin da ya karanta mana ya ce ƙasa za ta kare harsunan gida ta bunƙasa su, kuma ofishin da abokan hulɗarsa Hausawa ne da Fulani ya kamata a ce yana da ko da shafi guda na waɗannan sassa da harshensu, a boko ko a ajami. Haka kuma ba a gaya mana tun farko cewa rubuta dokokin ƙungiya aiki ne dabam mai kuɗinsa dabam ba, sai da aka gama aka miƙo mana lissafi, wanda ya sa na koma gaban iyayen yara ina bayanin kuɗin da ban sanar da su ba. Kuɗin bai wuce hankali ba, amma amanar jama'a ce a hannuna, kuma faɗinsa tun ranar farko ba zai rage wa ofishin komai ba.

Abu na ƙarshe da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar malamar a kan niƙabi. Ta tuna cewa a 2015 Chadi ta hana rufe fuska bayan hare-haren Injamena, gwamnan Arewa Mai Nisa shi ma ya hana a watan Yuli, ta kuma so ta ji abin da za ta gaya wa ɗalibanta masu tafiya Marwa ko Kuseri idan aka tsayar da su a shingen bincike. Lauyan ya amsa a gurguje cewa wannan misali ne na yadda tsaro ke taƙaita yin ibada a fili, ya duba agogo, ya wuce zuwa wani batu. Ita ce tambayar da ta fi shafar mutuncin mutum a cikin dukkan abin da muka kawo, kuma ta cancanci irin haƙurin da ya ba tambayoyin dattijon. Malamar ba ta ce komai ba a ofishin, amma a hanya ta gaya mini cewa da akwai lauya mace a wurin da ta koma ita kaɗai.

Duk da haka zan tura kowane kwamitin masallaci ko makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa zuwa wannan ofishi, da sharaɗin su rubuta tambayoyinsu tun daga gida, su tafi da wanda zai iya rubuta amsa da hannunsa a lokacin da ake magana, su nemi a faɗa musu kuɗin kowane aiki kafin a fara, su kuma zaɓi yamma, lokacin da kotu ta tashi. Takardun ƙungiyarmu suna ofishin furefe, ranar da aka karɓe su tana rubuce a kan resefise, ni kuma na yi wa ranar cikar wata biyu alama a kalandar makaranta.